Wane fulogi za ka ɗaura wa 335i bayan an ƙara mata wuta?

Daga ranar da aka taɓa ƙwaƙwalwar motarka, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, aka ƙara wa tarbo iska, fulogin da kamfani ya saka ya zama baƙo a cikin injin. Ina magana ne a kan BMW 335i mai injin N54, lita 3, silinda shida a jere, tarbo biyu, wanda ya fito a 2006 da ƙarfin doki wajen 300. Ita nake hawa, ita ce kuma ta koya mini darasi da kuɗina. Masu Golf GTI da sauran motoci masu tarbo su ma za su tsinci abin tsinta a nan, lambobin fulogin ne kawai za su bambanta.

Kafin a zo ga suna, a fahimci zafi. In aka ce fulogi mai sanyi, ba wutarsa ce ta fi rauni ba, saurin da yake kwashe zafi daga bakinsa ya miƙa wa kan inji ake nufi. Bakin fulogi yana son ya haura digiri 450 zuwa 500 don ya ƙona baƙin hayaƙin da ke taruwa a kansa, amma in ya zarce 800 sai ya koma garwashi, ya kunna mai tun lokaci bai yi ba, kuma wannan ne ke huda fistin. Injin da aka ƙara wa iska ya fi zafi, ga ranar Afrilu a Kano, ga fetur ɗinmu iri ɗaya tal a famfo, babu zaɓin mai okten 98 irin na Turai. Sai a lura da lambar jikin fulogi: a wurin kamfanonin NGK da Denso, lamba na hawa sanyi na ƙaruwa, a wurin Bosch kuwa akasin haka ne. Na ga makaniken da ya rikita wannan, ya ɗaura mai zafi yana murna ya sami mai sanyi.

Nawa zaɓin shi ne NGK 95770, wanda rubutun jikinsa ya fara da ILZKBR7. Wannan 7 ɗin ita ce magana, taki ɗaya ya fi na kamfani sanyi, kuma masu harkar sun daɗe da ƙa'idar taki ɗaya ga duk ƙarin doki 75 zuwa 100, daidai abin da taɓa ƙwaƙwalwa da sauya bututun hayaƙi ke ba N54. Tsinin tsakiyarsa na iridiyom ne, ƙarfen da sai zafi ya wuce digiri 2,400 yake narkewa, shi ya sa ake iya yin sa siriri kamar bakin allura bai cinye ba. Siririn tsini ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin tartsatsi ya tsallaka, kwayil da ke ba fulogi wuta ta huta ke nan, kuma duk mai N54 ya san kwayil ɗin motar nan ba su da haƙuri. Abin da ya fi saye ni shi ne halinsa a gari. Mota ba kullum take kan titin Zariya tana gudu ba, rabin rayuwarta a cunkoso take yi tana silo, kuma wannan fulogin yana riƙe isasshen zafin da zai wanke kansa a hakan. Ƙafarsa, wato lanƙwasasshen ƙarfen da tartsatsi ke sauka a kai, ɗaya ce, don haka kana iya gyara gibin da ke tsakaninta da tsini yadda kake so.

Bosch ZGR6STE2 da motar ta zo da shi ba shi da laifi in ba a taɓa komai ba, amma ƙafafunsa da yawa, ba a gyara masa gibi, zance ya ƙare. NGK 97506 mai lamba 8, wanda asalinsa na wani injin BMW ne mai suna N20, na masu manyan tarbo ne, in ka saka shi a motar zuwa ofis sai ya yi ta yin baƙi. Denso kamfani ne na kirki, ban dai ga abin da zai raba ni da wanda na saba ba. Waɗanda ake kira na tagulla kuwa suna da araha, sai dai ka shirya kwancewa da ɗaurawa kamar mai canjin baƙin mai.

Gibi, wato tazarar da ke tsakanin tsini da ƙafa, a nan ake yawan ɓata aiki. NGK 95770 yana fitowa daga kwali da gibin milimita 0.8. Iska in ta matsu a silinda, tartsatsi yana shan wuyar tsallakawa, sai ka taka mota sosai a giya ta uku ta fara shaƙuwa, fitilar inji ta kama, na'urar gwajin mota ta nuna P0301 zuwa P0306, lambobin silindar da ba ta kama wuta ba. Nawa ina rage shi zuwa 0.56, wato inci 0.022, masu iska mai yawa suna sauka har 0.46. Kada ka ce bari ka matse gaba ɗaya ka huta, in ya yi kaɗan mota za ta riƙa rawa a silo. Mafi faɗin gibin da ba ya shaƙuwa shi ake nema. A auna da fila geji, wato siraran ƙarafunan auna gibi, a lanƙwasa ƙafar kaɗai a hankali, kada komai ya dogara da tsinin, domin iridiyom yana da tauri amma karyewa yake yi. Yaron gareji da zai buga fulogi a kan dutse ya ce ya saita, karɓe abinka. Ɗauri kuma a inji mai sanyi, 23 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri, da soket siriri mai lamba 14 mai haƙora 12, ba tare da shafa giris a zaren ba.

Duk wannan lissafin banza ne in abin da ke hannunka jabu ne. Ni an yi mini. Wani mai shago ya fito mini da shida a kwali mai sheƙi, kuɗinsu bai kai rabin wanda na sani ba, yana cewa, "Alhaji, wallahi gangariya ne, ragowar kaya ne shi ya sa." Kwaɗayi ya ja ni. Ban yi wata biyu ba tsinin ɗaya ya narke, farantin wani, wato farin tangaran ɗin jikinsa, ya tsage, kwayil biyu suka tafi, kuma Allah ne ya tsare gutsuren bai ci bangon silinda ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, don haka yanzu da gilashin ƙara girma nake shiga shago. Na gaske za ka ga tsinin siriri da alamar walda mai tsabta a gindinsa, da ɗan faifan filatinom a cikin ƙafar. Na jabu tsininsa kauri gare shi, ƙarfe ne kawai aka fere. Wosha ta gaske ba ta zarewa da yatsa, ta jabu da kanta take faɗowa. Rubutun farantin a murza shi da babban yatsa, a duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ko ta fita sarai. In da mitar gwada lantarki a kusa, a gwada tsakanin kai da tsini, ya kamata a ga wajen om 5,000, kuma shidan su yi kusa da juna. Kwali kuwa kada ya ruɗe ka, shi suka fi iya kwaikwaya, har da sabon sunan kamfanin NGK, wato Niterra, da ya koma amfani da shi a 2023. Na intanet ma ba su tsira ba, hoton na gaske ake sakawa a aiko maka da wani abu daban. Mai shagon da ya hana ka buɗe kwali ka auna, bar masa kayansa.

Nawa ina canza su duk kilomita 25,000, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Tsofaffin kuma ba na yarwa, ina jera su a kwali daga silinda ta ɗaya zuwa ta shida, in ɗauki ɗaya a aljihu duk ranar da zan je sayen sababbi, in ajiye shi gefen na shago a kan kanta.