Adon haya ko kayan Kaka? Amsa ga mai shirin aurar da ƙanwarta a Jos

Shekaranjiya wata 'yar uwa a cikinmu ta kawo tambaya. Za su aurar da ƙanwarta a watan Disamba a nan Jos, kamu da wuni a gida, walima kuma a hol. Mai dekoreshon ta yanka musu kuɗin da ya tayar musu da hankali, ga kuma ɗakin marigayiya kakarsu a kulle da tasoshi da kwalla da faya-fayi da saƙi har da lefen kaba na asali. Tana son sanin wanne ya fi, su yi haya ko su haɗa adon da hannunsu daga kayan gida. Ta ƙara da cewa tarin sharar da ake bari bayan biki yana damunta.

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Ni duka biyun na yi. Bikin babbar 'yata haya muka yi tun daga ƙofa har kujerar amarya, na ƙaramar kuwa da kayan mahaifiyata da na uwar mijina muka yi ado. Don haka abin da hannuna ya taɓa zan faɗa miki.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ya taso da maganar. Kuɗin haya a dunƙule yake, ana faɗa miki ki ji nauyinsa nan take, in kin biya kin huta. Adon gida kuwa kada wani ya ce miki kyauta ne. Nasa kuɗin a warwatse yake fita: kafintan da zai haɗa miki katakon bayan kujera, motar ɗaukar kaya, ƙarin tabarmi da faya-fayi don na gado ba za su isa ba, da abincin yaran da za su taya ki aiki. Da na tattara lissafi bayan biki, na gida ya zo ƙasa da na haya sosai. Abin da ya fi daɗaɗa min rai ma shi ne duk abin da na saya yana nan. Tabarmin kabar da muka shimfiɗa ranar kamu su ake fitarwa yau in an yi baƙi. Daga bikin haya kuwa hoto kaɗai ya rage mana.

A wajen lokaci haya ce a gaba, babu gardama. Mai ado za ta shigo da yaranta da asuba, kafin azahar wuri ya haɗu. Mu kuwa mako shida muka yi muna wanki da goga da gwaji. Idan ke ce uwar girki, ke ce mai karɓar baƙi, ke ce mai bin tela, to kada ki ɗora wa kanki ado. Ki nemi wata guda a dangi mai natsuwa ki sakar mata shi gaba ɗaya.

Sai girman wuri, kuma nan ne na ga mutane da yawa sun yi kuskure. Kayan kakanninmu don ɗaki da tsakar gida aka yi su. Tasa da akushi da ludayi kyawunsu na kusa ne, sai ido ya matso ya ga zanen, hannu ya taɓa. Ki kai su hol mai cin mutum 500, rufi can sama, bango fari fat, sai wurin ya haɗiye su, su koma kamar an manta da kaya a kan tebur. Masu haya sun san wannan, shi ya sa suke zuwa da labule mai tsawo da fitilu masu cika ido daga nesa. A tsakar gida kuwa labarin juyawa yake. Labulen haya mai sheƙi a jikin bangon gidanmu na gado bai zauna ba ko kaɗan, sai ka ce an ara wa tsohuwa rigar yarinya. Amma da muka rataya gwado, muka jera faya-fayi a kansa, muka ajiye tumtum biyu da kaskon turaren wuta, babu wanda ya ce an yi ado. Cewa aka yi gidan ya yi kyau.

Maganar shara da kika kawo ita ce ta sa na zauna rubuta wannan amsa, don ni ma ta daɗe tana ci min rai. Amma a yi wa masu haya adalci. Kujerarsu da labulensu da ƙarfen kanofi, har da fulawar roba, ba a biki ɗaya suke ƙarewa ba. Yau suna Rayfield, jibi suna Bukuru, haka za su yi ta zagaye shekara da shekaru. Wannan ba ɓarna ba ce. Ɓarnar tana cikin abin da ake yi wa amfanin yini ɗaya: balan-balan ɗari-ɗari da ake fasawa kafin a tashi, banar da aka buga sunan ango da amarya da kwanan wata wadda ba mai sake ɗaga ta, koren soson da ake soka fure a ciki wanda yake marmashewa ya bi ruwa, ƙyalƙyalin da ake watsawa, robobin zuba abinci da ledar ruwa. Washegarin bikin babbar 'yata na koma hol ɗaukar wani kaya da muka manta, na tarar an tara sharar a bayan katanga an cinna mata wuta, baƙin hayaƙi yana shiga gidajen maƙwabta. Wadda ba a ƙona ba kuma kowa a garin nan ya san inda take ƙarewa: kwata, daga nan ruwan sama na farko ya kwashe ta zuwa kogin Dilimi. Jihar Legas ta haramta farar robar kumfa ta zuba abinci tun watan Janairun 2024 saboda yadda take toshe magudanan ruwa. Mu ba sai mun jira doka ba.

Sharar adon gida kuwa ta wani iri ce. Zangarniyar dawa da gero da muka ɗaɗɗaure muka sa a tulu, kaji suka cinye bayan biki. Ganye ya bushe ya koma taki. Kuma Disamba kin dace, an gama girbi, zangarniya tana ko'ina. Ga bishiyar turare da ta cika Filato, wadda aka shuka da yawa a filayen da aka haƙi kuza. Ganyenta yana da ƙamshi, yana kwana biyu bai yi yaushi ba. Ga masu lambun fure a garin nan, kuma sanyin Jos yana riƙe ɗanyen fure fiye da zafin Abuja, don haka abin da 'yan can suke saye da tsada ke a ƙofar gida yake. Ki zuba ruwa a tulu ko ƙaramar tukunya ki tsoma su, ba ki buƙatar soso. Abu ɗaya kawai, kada yara su sarar miki kerana don sun ga ta yi kyau a shingen ƙauye. Farin ruwanta yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa sai asibiti.

Yanzu ga inda haya ta fi kwanciyar hankali, kuma ina so ki saurare ni da kyau. Idan gilashin mai haya ya fashe, kuɗi za ki biya a wuce wurin. Idan tasar Kaka ta ɓace, babu kasuwar da za ki je. A bikin ƙaramar 'yata na yi gangancin rarraba tasoshin mahaifiyata a teburan baƙi, an zuba dabino da alawa a ciki. Guda 12 muka fitar, 11 suka dawo. Ba na zargin kowa da sata, wataƙila wata ta ɗauka a cikin kayan rabo ne. Amma waccan tasar da ita aka kai mahaifiyata ɗakin miji, kuma har yau in na buɗe kabad ina ganin gurbinta. A ranar kuma wani yaron da ya zo taya mu ya ɗauki abin harba ƙusa na masu ado ya kafe gwadon uwar mijina a jikin katako. Huda takwas ya yi masa. Shi a wurinsa yadi ne kamar kowane yadi.

Saboda haka ki raba kayan gida biyu. Akwai na gado wanda ba shi da madadi, akwai tsohon kaya ko aikin hannu da kuɗi ke iya sayowa. Na biyun shi za ki baza a wuri. Kasuwar Katako ba ta rasa gwanjon labule da yadin tebur masu kauri, kuma nan za ki samu katakon da kafinta zai yi miki aiki da shi. Masu aikin fata na Naraguta suna da tumtum da ƙananan kayan fata. Ƙwarya da ludayi da faifai da mafici da tabarma ba sa wuyar samu, kuma kuɗinki hannun wanda ya saƙa ko ya fafe zai shiga. Tukwanen Gwari masu zane suna da kyau ƙwarai a bakin ƙofa. Kada ki raina tukunyar ƙasa: Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, da irin wannan ginin tukwane ta yi suna, tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. In kina son ido ya buɗe, ki ɗauki yamma ɗaya ki shiga gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, ki ga tarin tukwanen da ke ciki da yadda kowace ƙabila take yi wa nata zane. Ni daga can na samo yadda zan jera nawa.

Na gadon kuwa wuri ɗaya tak za su zauna, kusa da amarya, inda ido yake kansu kuma hoto zai ɗauke su. A rubuta su a takarda kafin su fita daga ɗaki, a naɗa mace guda wadda ba ta da wani aiki ranar sai tsaronsu, ita za ta ƙirga su ta mayar kafin a watse. Saƙi kada ƙusa ko allura ko gam su taɓa shi. A samu gora mai santsi a rataya shi a kai kamar shanya. Kada ki wanke shi da omo, ki dai baza shi a inuwa ya sha iska, kuma ki tuna shunin baba yana zuba, kada ya jingina da farin leshin amarya. Tasoshin tagulla toka da lemon tsami suna fito da su, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya, a ɗauraye a goge su bushe sarai. Kwalla da langar da fentinsu ya ɓantare har tsatsa ta fito a bar su a ado, kada a zuba abinci a ciki. Aci-balbal tana da kyau da dare, amma ga kaba ga busasshiyar zangarniya ga iskar hunturu ga yara suna guje-guje. Ni ban kunna ba, ƙananan fitilun caji na sa a cikin ƙwarya. Iskar nan kuma tana ɗauke faifai, don haka a ɗaure kowanne da zare ta baya.

Akwai wani abu da haya ba ta iya kawowa ko nawa aka biya. Ranar kamu, gwaggon mijina, wadda ta haura tamanin, ta hango lefen kabar da muka ajiye gefen amarya, ta ce a matso mata da shi. Ta shafa shi ta ce a cikin irinsa aka kawo nata kayan, zane uku da ɗankwali. 'Yan matan da ke wurin ba su taɓa sanin cewa lefe sunan kwando ba ne kafin ya zama jerin akwatuna. Suka zagaye ta, aka bar kiɗa yana ta yi shi kaɗai. Wannan ya bambanta da ranar ƙauyawa da ake yi yanzu, inda ake sayo ƙwarya don wasa da dariya. Kayan Kaka ba na wasa ba ne, a ajiye su da mutunci yadda 'yan jere suke jera ɗakin amarya.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi. Kamu da wuni a gida, adon gida zalla, ba na kiran mai haya sai don kujeru da kanofi. Walima a hol, zan ɗauki hayar kujera da tebur da labule marar ƙyalƙyali da fitila, in gaya wa mai adon tun wurin ciniki cewa ban da balan-balan, ban da soso, ban da bana, ta rage kuɗinsu. Sunan ango da amarya a rubuta da alli a baƙin allo. Teburan baƙi a sa faifai da ƙwaryar kasuwa da ganyen turare, wanda ya so ya tafi da su a matsayin kayan rabo. Daga ɗakin Kaka abu uku ko huɗu kawai za su je hol, su zauna a gefen amarya da mai tsaronsu.

Amma kafin ki taɓa makullin ɗakin nan, ki je ki gaishe da gwaggonninki da kawunnanki ki nemi izini, musamman in ba a raba gado ba. Ki tafi da amaryar. Ki tambaye su wane ne na wa, wace tasa ce ta zo da Kaka daga gidansu, wane saƙi ne aka saya mata a haihuwar fari, ki sa amarya ta rubuta.