Sharhi kan tarin waƙoƙin Michael Jackson da na sa aka tura mini a Katsina

Wata uku ke nan da na kai sabon memori wani shagon masu turi da ke wajen Ƙofar Ƙaura, na nemi a zuba mini waƙoƙin Michael Jackson, wanda muke kira Maikal tun muna samari, daga na ƙuruciyarsa har zuwa kundinsa na ƙarshe. Kasetocin da na tara tun shekarun 1980 duk zarensu ya saki, rikodar ma babu mai gyaranta, ga shi kuma aiki yana kai ni Daura kowane mako, ina buƙatar abin saurare a mota. Sharaɗi ɗaya na kafa wa matashin da ke shagon, wato ya jera waƙoƙin bisa shekarar fitowarsu. Ya ce, "Baba, yawancin masu zuwa zafafan kawai suke nema, amma in ka ba ni zuwa bayan La'asar zan jera maka su." Ya cika alkawari, kuma ladan turin bai kai kuɗin mudun shinkafa ba.

Wannan jeri shi ne mafi darajar abin da na biya, domin da shi ne mai sauraro yake jin rayuwar mutumin tana tafiya a cikin muryarsa. Rukunin farko na Jackson 5 ne, ƙungiyar da mahaifinsu Joseph, ma'aikacin masana'antar ƙarfe a garin Gary na jihar Indiana, ya haɗa da 'ya'yansa maza. An haifi Maikal a 1958, saboda haka yana ɗan shekara 11 lokacin da kamfanin Motown ya fara fitar da faifansu a 1969, kuma waƙoƙinsu huɗu na farko a kamfanin duk sun hau matsayi na ɗaya a Amurka. Abin da kunnena ya kama yanzu, wanda ban kama ba a da, shi ne nauyin da aka ɗora wa yaron: murya ce ta ɗan firamare tana rera kalaman soyayya da rabuwa na manya, yayyensa suna yi masa amshi. Daga baya shi da bakinsa ya faɗi irin dukan da suke sha a wurin gwaji, kuma wanda ya san haka ba zai saurari waɗannan waƙoƙi da zuciya sake ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kundin Off the Wall na 1979 da Thriller na 1982, waɗanda ya yi tare da furodusa Quincy Jones. A nan ne kuma na ga babban giɓin wannan hidima, domin memori ba ya nuna wanda ya tsara waƙa, sunan mai rerawa kawai yake nunawa. Mu da muka tashi da Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, mun saba da cewa wanda ya buɗe baki shi ne mai waƙar, shi ya ƙaga ta, sau da yawa ma a nan take gaban jama'a. A can ba haka tsarin yake ba. Cikin waƙoƙi tara na Thriller, huɗu ne Maikal ya rubuta, har da "Billie Jean" da "Beat It", amma waƙar da kundin ya ci sunanta wani Bature ne ɗan Ingila, Rod Temperton, ya rubuta ta. Sanin wannan bai rage masa komai a idona ba, sai ma ya nuna mini inda hannunsa yake, domin waƙoƙin da ya tsara da kansa su ne masu ɗauke da tsoro da zargi da rashin yarda da mutane, tun yana ɗan shekara 24, kafin duniya ta juya masa baya.

Yadda yake tsara waƙa ma ya fi kusa da namu makaɗan fiye da yadda na zata. Ba ya rubuta kiɗa a takarda. Da baki yake kwaikwayon ganga da jita da sauran kayan kiɗa a cikin rikoda, sannan ya kai wa makaɗa su bi, kamar yadda uban kiɗi yake karanta wa mai kalangu abin da zai buga. Haka kuma amshin da ke rufe waƙar farko ta Thriller ya samo asali ne daga waƙar Manu Dibango na Kamaru ta 1972, har sai da maganar ta kai ga biyan diyya. Kundin ne dai ya kawo masa bakwai daga cikin kyautar Grammy takwas da ya kwasa a dare ɗaya a 1984.

Daga Bad na 1987 zuwa Dangerous na 1991 da HIStory na 1995, muryar tana ƙara kaushi, kiɗan yana ƙara ƙarfi, fushi yana fitowa fili. Shekarun ne na zargin cin zarafin yaro a 1993, wanda aka sasanta a wajen kotu, kafin shari'ar 2005 da kotu a Kalifoniya ta wanke shi daga dukkan tuhume-tuhumen. Ban ji daɗin wannan zango kamar na baya ba, ko da yake akwai waƙoƙi masu kyau a ciki. Rukuni na ƙarshe shi ne Invincible na 2001. Ya rasu ranar 25 ga Yuni 2009 yana da shekara 50, yana cikin shirin wasanni 50 a Landan, kuma a 2011 kotu ta sami likitansa da laifin kisa ba da gangan ba saboda maganin sa barcin da ya ba shi.

Kurakuran aikin guda uku ne. Sautin wasu waƙoƙin Dangerous ya yi rauni ƙwarai, alamar daga bidiyo aka ciro su, sai na ƙure rediyon mota kafin in ji. Sannan babu "We Are the World" ta 1985, wadda ya rubuta tare da Lionel Richie don tara gudummawa ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha, alhali ita ce mutanenmu da yawa suka fara saninsa da ita. Na uku shi ne ya fi damuna. A ƙarshen jerin na tarar da "Give Thanks to Allah" da sunan Maikal a kanta, waƙar da ta daɗe tana yawo a wayoyinmu a matsayin shaidar musuluntarsa. Waƙar ta Zain Bhikha ce, mawaƙi Musulmi ɗan Afirka ta Kudu. Na fahimci abin da ya ba jita-jitar ƙafa, domin yayansa Jermaine ya musulunta a 1989, shi kuma Maikal ya zauna a Bahrain bayan shari'ar 2005, amma ɗauke wa mutum aikinsa a ba wani zalunci ne, ko da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Na koma shagon na yi wa matashin bayani. Bai yi musu ba, ya ce, "Wallahi Baba haka na same ta a wurin maigidana, kuma na tura wa mutane da yawa a haka." Ya ƙara mini waƙar da ta ɓace ba tare da ya karɓi ko sisi ba, sannan a gabana ya buɗe kwamfutarsa ya goge sunan Maikal daga waccan waƙa, ya sa na mai ita. Wanda zai nemi irin wannan hidima ya je da memori mai kyau, ya nemi jeri bisa shekara, ya kuma saurari waƙa ɗaya daga kowane kundi kafin ya bar shagon. Waƙoƙin Dangerous kuwa ya ce in dawo ranar Asabar, zai nemo masu sauti mai kyau ya sauya mini.