Inshorar gobara ko ta haƙƙin jama'a: wacce mai wurin wasan yara zai fara yi?

Hajiya, kin ce za ki buɗe wurin wasan yara a Gombe kafin sallah, da gidan tsalle na iska guda biyu, da lilo, da zamiya, da janareta. Wakilin kamfani ya kawo miki inshora iri biyu, ta gobara da ta haƙƙin jama'a, kuɗin guda ɗaya kuma gare ki yanzu. Shawararmu ki fara da ta haƙƙin jama'a.

Ta gobara kayanki kawai take karewa. Asalinta gobara ce da faɗuwar tsawa. Guguwa da ambaliya sai an ƙara su a takardar da ƙarin kuɗi, sata kuma inshorarta daban. Injin hura iska da wutar NEPA ta ƙona, ko tantin da rana ta cinye, galibi ba sa ciki. Akwai kuma tarkon da ke kama mutane da yawa: rage darajar kaya don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Idan kayanki na naira miliyan 10 ne kika rubuta miliyan 5, aka yi asarar miliyan 4, miliyan 2 za a ba ki, domin rabin kayan kika yi wa inshora. Kayan wasan nan daga waje ake shigo da su, kuma tun 2023 da naira ta faɗi farashinsu ya tashi, don haka farashin sayen sabo a yau za ki rubuta, ba na tsohon rasit ba.

Ta haƙƙin jama'a ita ce ke tsaya miki idan yaro ya karye, ko uwa ta taka waya wuta ta ja ta, aka ce sakacin wurinki ne. Tana biyan kuɗin asibiti da diyya da kuɗin lauya, har iyakar adadin da aka rubuta. Bambancin ke nan: asarar kaya kin san iyakarta tun yau, amma diyyar yaron da ya samu rauni a kai ko a laka ba wanda zai iya faɗa miki adadinta. Allon nan da ake kafewa a ƙofa cewa iyaye su kula da 'ya'yansu ba ya wanke mai wuri idan sakaci ya tabbata.

Doka ma nan ta karkata. Sashe na 65 na dokar inshora ta 2003 ya wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga, har da na shaƙatawa, domin kare masu shiga ɗin. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Agustan 2025 ta maye gurbinta, wajibcin kuma yana nan.

Kafin ki biya, ki karanta abu huɗu a takardar. Adadin da za a biya a haɗari guda, da jimillar ta shekara, ba ɗaya ba ne. Sai kason farko na asara da ke kanki. Sai jerin kayan: duk abin da ba a ambata da suna ba, kamar ƙaramin wurin ninƙaya da kika ƙara daga baya, ki ɗauka ba ya ciki. Na ƙarshe shi ne adireshi. Masu wannan sana'a kan ba da hayar gidan tsalle zuwa bikin suna ko walimar makaranta a Pantami ko Tudun Wada, alhali takardarsu filinsu kaɗai ta ambata. Ma'aikatanki ma ba sa cikin "jama'a"; nasu yana wajen NSITF, asusun gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, bisa dokar 2010.

Duk wadda kika ɗauka, kamfani zai nemi shaidar kin kiyaye ƙa'ida, kuma nan ne biyan diyya ya fi maƙalewa. Ƙa'idar Turai ta EN 14960, wadda masu ƙera gidan tsalle da yawa ke bi, ta ce a ɗaure shi aƙalla wuri shida, da turakun ƙarfe masu tsawon santimita 38 da kaurin milimita 16. A kan siminti, kowane maɗauri yana buƙatar nauyin kilo 163, ba bulo biyu ba. Iska ta kai gudun kilomita 38 a awa, a fitar da yara a sace iskar gidan. Wanda ya san guguwar farkon damina a Gombe, wajen Afrilu da Mayu, ya san ba ta sallama; da hadari ya haɗo a gabas a tsayar da wasa, kada a jira a ga ƙura. Ki sayi ƙaramar na'urar auna iska ta hannu.

Injin hura iska ya mutu, gidan kan lotsa kan yara nan take, shi ya sa a ranar cunkoso ya fi kyau ya zauna a kan janareta maimakon a riƙa sauya layi. A sa masa makatsar wuta mai katsewa a miliamfiya 30. Ƙarƙashin lilo da zamiya, duk inda tsayin faɗuwa ya wuce santimita 60, a zuba yashi mai laushi kamar santimita 30, a riƙa baje shi kullum domin ƙafafu na ture shi. Ɗan shekara 4 da ɗan shekara 12 kada su yi tsalle tare. Karo tsakanin yara na jawo rauni ko da kayan lafiya lau suke. Ki ajiye littafi a rubuta binciken kowace safiya da kwanan wata da sa hannu, haɗe da takardar duba wuri ta hukumar kashe gobara.

Idan zuciyarki ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Kamfanoni irin su Noor da Jaiz Takaful na aiki da shi, sharuɗɗan tsaro kuma iri ɗaya ne. Ko ma wanne ne, ki duba sunan kamfanin a jerin masu lasisin NAICOM, ki biya ta asusun kamfani ba na wakili ba, domin a doka sai kuɗi ya shiga kariya ke farawa. Ranar da haɗari ya auku a kai yaron asibiti, a ɗauki hotuna da sunayen shaidu, a sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin da takardar ta gindaya. Kada ki sa hannu a wani sulhun diyya kafin su sani.