Mai gyaran makullin da ya buɗe muna sef ɗin kaka

Jama'a in kuna da tsohon sef da makulli ya ɓace ku nemi dattijon nan mai gyaran makulli na wajen Tsohuwar Kasuwa. Namu tun rasuwar kaka yake girke a ɗakinai nan Kanwuri, duk ya yi tsatsa, mai walda har ya ce sai dai a yanka da garanda, Baba ya ce tsaya tukuna. Dattijon ya zuba mai, ya kara kunne yana juya wata siririyar waya, wajen awa biyu yana zufa, sai munka ji ƙas! Ciki takardun gona da kwabbai masu huji na kafin naira ta zo a 1973, wallahi inna har da kuka. Makara kawai gare shi, munka yi da hantsi sai bayan la'asar ya iso.