The 100: zango na biyu da zango na bakwai, ina aka rabu?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ya kammala kallon The 100 har ƙarshe, kuma zango na bakwai ya burge shi. Sai dai duk wanda ya yi wa maganar sai ya ce masa ai zango na biyu shi ne shiri, na bakwai ɓata suna kawai ya yi. Yana son a ajiye masa su gefe da gefe, ya ga abin da mutane ke gani wanda shi bai gani ba. To ɗan'uwa, ga nawa. Wanda bai kalla ba kuma yana da niyya ya dakata a nan, domin zan faɗi wanda ya mutu da wanda ya kashe shi.

Tashar CW ta Amurka ce ta nuna shirin daga 2014 zuwa 2020, zango bakwai, kashi 100 cif. Jason Rothenberg ne ya jagorance shi, ya ɗauko tushen labarin daga littattafan Kass Morgan. Zango na biyu ya fita daga Oktoban 2014 zuwa Maris 2015, na bakwai daga Mayu zuwa Satumban 2020, kuma kowannensu kashi 16 ne. Saboda haka ba za a ce an ba wani fili an hana wani ba. Lokaci ɗaya aka ba su. Abin da kowanne ya yi da lokacin ne ya raba su.

Mu fara da wurin da labarin ke gudana. A zango na biyu dutse ɗaya ne, daji ɗaya, sansani ɗaya. Matasa 48 suna tsare a cikin Mount Weather, wani maɓoya da ke cikin dutse, mutanen cikin dutsen ba sa iya shaƙar iskar waje saboda gubar nukiliya, sun daɗe suna kama mutanen ƙasa, wato waɗanda suka rayu a waje bayan yaƙin nukiliya, suna zuba su a keji suna tatsar jininsu, yanzu kuma sun gano ɓargon matasan nan da suka sauko daga tashar sararin samaniya zai warkar da su har abada. Ko a tsakiyar zangon ka shigo, cikin minti biyu za a yi maka bayanin wa ke neman me. Zango na bakwai kuwa duniyoyi shida yake yawo a kansu: Sanctum, Skyring, Bardo, Nakara, Etherea, sannan a dawo duniyarmu. Kowacce da irin gudun lokacinta. Octavia ta yi shekara goma a Skyring alhali a Sanctum kusan ba a motsa ba. Echo da Hope da Gabriel suka ƙara biyar a can. Masu kare zangon suna cewa wannan shi ne daɗin labarin kimiyya, kuma ba za a ci gaba da faɗa a daji ɗaya har shekara bakwai ba. Suna da gaskiya a nan. Abin da masu suka ke cewa shi ne, an raba mutanen da muka shaƙu da su gida-gida, aka cinye rabin zangon ana bayanin yadda dutsen tafiya, mai kai mutum daga wata duniya zuwa wata, ke aiki da lissafin shekaru, a daidai lokacin da ya kamata a ce ana sallama. Clarke kanta, wadda labarin nata ne, akwai kashin da da ƙyar za ka gan ta.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da yawan duniyoyi ne kaɗai matsalar, da an yafe.

Abin da ya sa mutane suka riƙe shirin nan tun farko shi ne, yana saka mutum a gaba kura baya sayaki, ya tilasta masa zaɓi, sannan ya tsaya ya nuna maka kuɗin da aka biya. Ka tuna ƙarshen zango na biyu. Lexa, shugabar mutanen ƙasa da ta ƙulla ƙawance da Clarke, ta riga ta yi sulhu da mutanen dutse a bakin ƙofa, ta kwashe mayaƙanta ta tafi. Clarke da Bellamy da Monty suna ɗakin na'urori. A allo ɗaya ana huda ƙashin Abby, mahaifiyar Clarke, tana ɗaure a kan tebur. A wani allon ga ɗakin cin abinci cike da mutane, har da yara ƙanana, har da waɗanda suka ɓoye matasan a gidajensu suka saka ransu a haɗari. Clarke ta riga ta harbe Dante Wallace, tsohon shugaban mutanen dutse, don ta tsorata ɗansa Cage, bai tsorata ba. Ta ɗora hannu a kan ƙarfen da zai shigo da iskar waje, ta kasa ja, sai Bellamy ya ɗora nasa a kan nata suka ja tare. Mutum fiye da 300 suka mutu. Kuma shirin bai kawar da kai ba. Ya bi su har cikin ɗakin, ya nuna Maya, 'yar cikin dutse da ta taimaki matasan, tana mutuwa a hannun masoyinta Jasper. Kafin wannan ma an sa Bellamy ya yi kiciɓis da wani yaro ɗan makaranta a cikin dutsen, ya ga sunan da ke jikin jakarsa, ya gane ɗan mai gadin da ya kashe ya saka kayansa ne. An shuka wannan tun da wuri don ka san su waye a wancan ɗakin.

Sannan ka duba abin da ya biyo baya. Clarke ta kasa shiga sansani, ta juya daga bakin ƙofa ta shiga daji ita kaɗai. Jasper bai ƙara dawowa daidai ba, ya faɗa shaye-shaye a zango na uku, ya mutu a na huɗu da ciwon nan a ransa. Mutuwar yarinya ɗaya da muka sani a zango ɗaya tak ta ɗauki zango biyu ana biyan bashinta. Haka mutuwar Finn a kashi na 8, lokacin da Clarke ta soke shi da wuƙa don kar a azabtar da shi saboda mutum 18 da ya kashe a ƙauye: kukan Raven, tsohuwar budurwar Finn, a wannan dare ya bi dangantakarta da Clarke tsawon lokaci.

Yanzu ajiye wannan kusa da kashi na 13 na zango na bakwai. Bellamy, wanda ya riƙe shirin tare da Clarke tun kashin farko, an ɗauke shi a farkon zangon, ya ɓace kusan gaba ɗaya sai a kashi na 11. An bayyana cewa Bob Morley mai fitowa a matsayinsa ne ya nemi hutu, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. A kashi na 11 ɗin aka nuna shi a Etherea yana hawan dutse cikin sanyi tare da wani mutumin Bardo mai suna Doucette, ya shiga kogo ya ga haske ya ga mahaifiyarsa, ya fito ya zama mabiyin Bill Cadogan, shugaban ƙungiyar da ke riƙe da Bardo. Kashi ɗaya aka ba wannan juyi. Kashi biyu bayan nan yana tsaye a Sanctum riƙe da littafin zanen Madi, yarinyar da Clarke ta riƙa kamar 'yarta, littafin da zai nuna wa Cadogan cewa abin da yake nema yana cikin kan yarinyar. Clarke ta roƙe shi ya ba ta, ya ƙi, ta harbe shi a ƙirji. Harsashinta ya ƙare, ta shige ƙofar tafiya, ta bar littafin a wurin. Wato abin da ta kashe shi dominsa bai samu ba. Cadogan ya sami labarin, Madi ta miƙa kanta, aka yi ta haƙo abin da ke ƙwaƙwalwarta har jikinta ya shanye gaba ɗaya.

Wani zai ce ai wannan ma darasi ne, kisa ba ya biya. Da an tsaya a kansa, da na yarda. Sai dai a kashi na gaba Clarke ta gaya wa Octavia ƙanwar Bellamy da Echo masoyiyarsa, cikin 'yan mintuna suka rungume ta. Octavia da ta yi shekaru a Skyring tana ƙoƙarin komawa wurin yayanta, har ta rubuta masa wasiƙa. Wannan shi ne abin da ya fi ci wa masu kallo tuwo a ƙwarya, kuma ina tare da su. Ba mutuwarsa ce ta ɓata musu rai ba. Shirin da ya kashe Wells da Finn da Lincoln da Lexa da Kane da Abby ba zai ba kowa mamaki don ya kashe Bellamy ba. Maya ta sami makoki na zango biyu, Bellamy bai sami na kashi ɗaya cikakke ba. Ga kuma ƙarin gishiri a ciwo: a kashin ƙarshe ya tabbata abin da ya gani a kogon gaskiya ne, mutane sun rikiɗe sun zama haske kamar yadda ya ce, shi kuwa ba shi da rabo saboda ya riga ya mutu.

A nan ya kamata in raba masu ƙorafin gida biyu, don ba bakinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda tun zangon farko suke jiran Clarke da Bellamy su zama masoya, musamman da yake a littattafan haka abin yake, kuma Eliza Taylor mai fitowa a matsayin Clarke da Bob Morley sun yi aure a zahiri a 2019. Waɗannan ko da an yi wa mutuwar kyakkyawan rubutu ba za su gamsu ba, kuma masu kare zangon suna yawan fakewa da su, su ce duk hayaniyar ta masu son a haɗa soyayya ce. Ba haka ba ne. Akwai da yawa da ba ruwansu da soyayyar, abota da amanar da ke tsakanin mutanen biyu suka gani an zubar.

Sai babbar magana, wato wanda ke yanke hukunci. A zango na biyu babu wani a sama da zai zo ya raba gardama. Mutane ne suka ɗaure, mutane ne za su kwance, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Dante ba dodo ba ne, dattijo ne mai son jama'arsa su ga rana. A zango na bakwai an kawo wasu halittu da ke yi wa kowace al'umma jarabawa: in ta ci a haɗe ta da su ta zama haske, in ta faɗi a shafe ta baki ɗaya, kamar yadda aka yi wa mutanen Bardo na asali. Clarke ta faɗi jarabawar saboda ta harbe Cadogan a tsakiyarta. Raven ta je ta roƙa, Octavia ta tsaya tsakanin runduna biyu ta sa aka ajiye makamai, sai alƙalan suka sauya ra'ayi. Masu son wannan ƙarshe suna cewa shi ne amsar tambayar da shirin ya daɗe yana yi, ko ɗan Adam zai iya daina yaƙi, kuma ya dace a ce Octavia, wadda ta fi kowa jini a hannu a zango na biyar, ita ce ta tsayar da shi. Wannan ɓangaren na Octavia yana da kyau, ban musa ba. Abin da ya kasa zauna mini shi ne, shirin da ya shekara shida yana tuhumar duk wanda ya shafe wata al'umma don ya tsira, ya ƙare da miƙa wuya ga waɗanda sana'arsu ke nan. Clarke ta faɗa musu haka a fuska, amma labarin ya wuce kamar ba ta faɗa ba. Kuma 'yan tsirarun da suka zaɓi dawowa duniya don kar Clarke ta zauna ita kaɗai, an ce ba za su haihu ba. Monty da Harper sun ƙarar da rayuwarsu a jirgi a ƙarshen zango na biyar, sauran na barcin shekara 125, don ɗan Adam ya sami wurin sake farawa. Ƙarshen zango na bakwai ya ce ɗan Adam ya ƙare ke nan. Shi ya sa za ka ji wasu na cewa su a wurinsu shirin a zango na biyar ya tsaya.

Kar kuma ka bari a sa ka ji kunyar abin da ka so, ɗan'uwa, domin zango na bakwai yana da abubuwan da na biyu bai kai su ba. Murphy na zango na biyu ɗan iska ne mai bin Jaha cikin hamada neman birnin haske, kuma wannan tafiyar ita ce mafi rauni a zangon, da yawa sun ƙosa da ita. Murphy na zango na bakwai mutum ne da ke ɓoye yara da marasa ƙarfi daga Sheidheda, azzalumin da ya ƙwace mulkin Sanctum, kuma da masoyiyarsa Emori ta mutu Murphy ya sa aka dasa masa na'urar da ke ɗauke da hankalinta a kansa, ya san hakan zai iya kashe shi. Wannan girma ne da aka gina a hankali tsawon shekaru. Zaman Diyoza da Octavia suna renon Hope, 'yar Diyoza, a Skyring na cikin mafi taushin abin da shirin ya taɓa yi. Faɗan Indra da Sheidheda bai da makusa. Haka kashi na 3, inda Raven ta tura Hatch da abokansa gyaran injin nukiliya ta ɓoye musu cewa gubar za ta kashe su, sannan Nikki matarsa ta zo neman fansa: wannan jinin zango na biyu ne sak, zaɓi mai ɗaci da mutumin da zai zo ya tambaye ka dalili. Ya nuna marubutan ba su manta yadda ake yi ba, wanda hakan ke ƙara wa mutum takaicin abin da aka yi wa Bellamy. Zango na biyu ma ba tsarkakakke ba ne. Yadda Finn ya juye daga mai neman sulhu zuwa mai harbin ƙauyawa ya zo da gaggawa, kuma an yi ƙorafi a kansa a lokacin.

Kashi na 8 na zango na bakwai, wanda ya koma baya ya nuna ranar da bama-bamai suka sauka da yadda Callie 'yar Cadogan ta fita daga maɓoya da mutanenta, kusan kowa ya yarda yana da kyau, har masu sukar zangon. Sai dai an yi shi ne a matsayin gwajin wani sabon shiri da ake son farawa, an ɗauke kashi guda daga cikin 16 na sallama aka ba sababbin fuskoki, a lokacin da Bellamy bai ma dawo ba. A Nuwamban 2021 aka sanar cewa ba za a yi sabon shirin ba.