Sharhi Kan Shan Man Mercedes C63 AMG a Zirga-zirgar Yau da Kullum

Na sayi Mercedes-Benz C63 AMG ƙirar 2010, wadda aka shigo da ita daga Amurka bayan an yi amfani da ita, kuma da ita na riƙa zuwa aiki daga Kubwa zuwa tsakiyar Abuja. Injinta mai silinda takwas ne, girmansa lita 6.2, ba shi da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), kuma yana ba da ƙarfin doki 451. Duk wanda ya ji rugugin salansarta da sassafe zai fahimci abin da ya ja ni gare ta, amma abin da nake so in yi magana a kai shi ne yadda take shan mai.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa motar tana cin mil 12 da galan ɗaya a cikin gari, mil 19 kuma a babbar hanya, wato kusan kilomita 5 da kilomita 8 ke nan a kowace lita. Abin da na gani bai yi nisa da haka ba muddin hanya a buɗe take. Ranar da na tafi Kaduna, giya ta bakwai ta riƙe injin yana juyawa a hankali, allurar mai kuwa ta riƙa sauka cikin natsuwa har na yi mamaki.

Labarin yana canzawa ne da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da motoci suka cushe, rana ta fara zafi, na'urar sanyaya mota tana aiki, ni kuma ina matsawa taku biyu in taka burki. A irin wannan hali silinda takwas ɗin nan duk suna cin rabonsu ko da motar tana tsaye a kan silo, domin injin ba shi da tsarin kashe wasu daga cikinsu idan ba a bukatar ƙarfi. Ga nauyin da ya haura kilo 1,700 da ake tayarwa daga tsaye sau da dama kafin a kai ofis. Gajeriyar tafiya ta fi kowacce ɓarna, saboda injin da bai yi zafi ba ya fi zuƙar mai. Kai yara makaranta a dawo ya isa a ga allura ta motsa. Tankin lita 66 ne kawai, shi ya sa masu zuba mai a unguwarmu suka san ni har suna tambayar iyali.

Ban ɗora wa motar laifi ba, don ba a ƙera ta domin cunkoso ba. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ban taɓa zama na yi lissafi ba. Da ta haura 500 cikin 'yan kwanaki sai na fara sassauta ƙafa a kan totur, ina duba iskar tayoyi duk mako, na kuma sa bakanike ya canza fulogai da matatar iska. Hakan ya ɗan taimaka, amma bai mayar da ita Corolla ba. Yanzu ranakun aiki ƙaramar motar uwargida nake ɗauka, Mercedes ɗin kuwa sai Asabar nake fito da ita kan titin filin jirgin sama.