Sharhi kan jakar waya mai hana ruwa shiga, bayan damina da hunturu a Kano

Mai sha'awar ɗaukar hoton yanayi da waya a Kano ya san cewa lokacin da sararin sama ya fi kyau, lokacin ne kuma waya ta fi fuskantar lalacewa. Hadarinmu yakan haɗo ne daga gabas, iska mai ƙura ta riga shi isowa, gari ya yi duhu, sannan cikin 'yan mintuna ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kuma a daidai wannan tsakanin ne mutum yake soke wayarsa a aljihu ya nemi mafaka. Abin da ya sa ke nan na sayi jakar leda mai hana ruwa shiga a kasuwar waya ta Farm Centre, irin mai maƙalli biyu a baki da igiyar ratayawa a wuya, na yi amfani da ita damina guda da hunturun da ya biyo baya.

A jikin kwalinta an rubuta IPX8, kuma ya kamata mai saye ya fahimci abin da wannan yake nufi. A tsarin gwaji na duniya mai lamba IEC 60529, gurbin farko bayan haruffan IP na ƙura ne, daga 0 zuwa 6, na biyu kuma na ruwa ne. A gurbin ruwa, 7 tana nufin kayan ya jure nutso na mita 1 har minti 30, 8 kuma ta zarce haka bisa sharaɗin kamfanin da ya ƙera. Harafin X yana nuna ba a ba da sakamakon gwajin ƙura ba. Kafin in amince mata da waya, takarda na sa a ciki na danna ta cikin bokitin ruwa, ta fito a bushe, kuma ina ba kowa shawara ya yi hakan.

A wajen tsare ruwa ba ta ba ni kunya ba. A watan Agusta, lokacin da marka take sauka ba ƙaƙƙautawa, na tsaya da ita a bakin zaure ina ɗaukar yadda indararo yake zubo da ruwa daga soro, na ɗauki kududdufin unguwarmu yana tumbatsa, na ɗauki 'yan adaidaita sahu suna ratsa ruwan da ya kwanta a titi da yamma, fitilunsu suna haska ɗigon da ke sauka. Waɗannan hotuna ne da a baya sai dai in gani da ido in wuce. A nan na lura cewa ruwan sama ba ya fitowa a hoto sai haske yana bayansa ko gefensa, kuma bangon da ke baya mai duhu ne, shi ya sa katangar ƙasa da ta jiƙe ta fi farin fenti ba da hoto mai kyau. Wanda wayarsa take ba shi damar saita saurin ɗauka, 1/500 na daƙiƙa yana tsayar da ɗigo, 1/30 kuma yana mayar da shi zare-zare.

Sai dai akwai abin da ake biya bayan kuɗin saye, wato kaifin hoto. Komai tsabtar leda, ba gilashi ba ce, kuma da dare takan watsa hasken fitila ya yi dishi-dishi. Idan ta jiƙe fuskar waya ba ta jin yatsa yadda ya kamata, domin ruwa yana rikita wutar da allon yake gane taɓawa da ita, saboda haka madannin ƙara sauti nake ɗauka da shi. Matsalar da ta fi damuna ita ce gumi: idan aka rufe jakar a ɗaki mai ɗumi aka fita cikin sanyin ruwa, raɓa takan taru daga ciki, daidai kan idon kyamara. Ƙaramin ƙullin nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi ya rage mini wannan sosai.

A hunturu kuwa ra'ayina ya bambanta. Ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda kan yi kauri har ta hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, tana ba da hoto mai ban sha'awa: rana takan zama farin faifai da ake iya kallo, Goron Dutse kuma ya ɓace rabi idan an hango shi daga dutsen Dala. Amma irin wannan hoto dama ba shi da kaifin launi, leda kuma sai ta ƙara dusashe shi. Ƙurar tana manne mata, kuma duk gogewar da aka yi a bushe tana barin ƙananan karce da ba sa fita. Tun daga Disamba na koma ajiye wayar a cikinta a hanya kawai, in fito da ita idan zan ɗauka.

Ga mai fita a damina, kuɗin jakar bai kai komai ba idan aka gwada da gyaran wayar da ruwa ya shiga, kuma ina ganin ta cancanci saye, da sharaɗin a duba ledar bayanta a hasken rana kafin a biya, a tabbatar ba ta da lanƙwasa a wurin kyamara. Ina kuma roƙon masu wannan sha'awa kada kariyar waya ta ruɗe su su hau Dala ko saman bene ana tsawa, domin aradu wuri mai tudu take nema. Hoton walƙiya daga taga ko ƙarƙashin rufin gini ake ɗaukarsa.